Likita da Maƙeri da Farke: Sababbin Sana'o'in Kiwon Lafiya a Ƙasar Hausa



Idan aka tambayi magidanci a Jama'a ko Getso ko Kutama cikin ƙasar Gwarzo, ko kuwa a Garo ta ƙasar Kabo, abin da yake fata ɗansa mai ƙwazo ya zama, da wuya amsarsa ta wuce ɗayan biyu, watau likita ko injiniya. Ciniki kuwa, a ganin mutane da dama, aikin wanda boko ya ƙi ne. Wannan lacca za ta duba wata irin sana'a wadda ta haɗa ukun wuri ɗaya: sanin jikin ɗan Adam da cututtukansa, da sanin ƙira, da kuma sanin yadda ake fitar da abin da aka ƙera zuwa kasuwa har ya isa hannun mai bukata. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, kuma wannan magana tana da nauyi. Amma misalan da za a kawo za su nuna cewa wuraren da lafiyar talakan ƙasar nan ta fi cutuwa, su ne daidai wuraren da waɗannan sana'o'i uku suka rabu, kowace ta kama gabanta.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalma guda. Abin da za a riƙa kira fasahar sarrafa halittu shi ne a ɗauki wani abu mai rai, ko tsiro, ko dabba, ko ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, a sa shi ya yi wa mutum aiki. Sunan ne sabo, aikin tsoho ne. Matar da ta dafa kalwa, ta rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta zama daddawa, ƙwayoyin halitta ta sa aiki, ko da ba ta taɓa jin sunansu ba. Haka mai kindirmo, haka marinin da ke jiran baba ya nuna a cikin karofi. Fulani makiyaya ma tun da daɗewa sukan yanki ɗan guntun huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar hancin lafiyayya su cusa mata, domin kada ta kamu. Wannan rigakafi ne sosai, sai dai babu awo a cikinsa, kuma babu tsabtar da za ta hana wata cutar shiga. Abin da zamani ya ƙara shi ne awo, da tsabta, da iya maimaita abu sau dubu ya fito iri ɗaya.

A zamanin da, sana'o'in nan uku suna jingine da juna. Wanzami shi ke yin ƙaho da kaciya da cire beli, amma askarsa maƙerin garinsu ne ya ƙera ta, kuma idan ba ta yi masa daidai ba, sai ya koma maƙera ya ce a rage nan, a ƙara can. Mai magani kuwa yana jiran farke ya kawo masa kanwa daga arewa da kanumfari daga nesa. Ita kalmar kanumfari ma daga Larabci ta shigo, ta biyo hanyar fatake. Malamai ba su raina fannin ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon basir. Da Turawa suka zo, sai suka kawo likita da asibiti, kalmomin da kansu daga Ingilishi aka aro su. Aka horar da 'yan ƙasa, tun daga Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, har zuwa buɗe sashen koyon likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu waɗanda Jihar Kano ta kafa a 1977. An sami likitoci, an sami injiniyoyi. To, amma kayan aikin likita a cikin akwati suke zuwa daga ƙetare, maganinsa ma haka. Watau dai an ɗauki wanzami an yi masa ilmi mai zurfi, an bar maƙerinsa a wata ƙasa, inda ba zai iya zuwa ya ce a rage nan, a ƙara can ba.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna iyakar likita idan yana shi kaɗai. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara ƙanana suka yi ta suma suna mutuwa, har adadinsu ya kai kimanin 400. Da aka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce. Mutane suna haƙo duwatsu masu zinariya, suna kai su cikin gida, suna niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Cikin likitocin Nijeriya da suka yi wannan bincike akwai Dokta Nasiru Sani Gwarzo, wanda daga baya ya zama babban sakatare a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya, kuma ya shugabanci ayarin da aka aiko Kano a 2020 lokacin annobar korona. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi cutar. Dole sai da injiniyoyi suka auna ƙasar gida gida, aka kankare ta sama aka binne, aka zuba sabuwa, sa'an nan magani ya yi tasiri. A garin Bagega wannan aiki bai samu ba sai a 2013, saboda jiran kuɗi, yara kuwa suna nan cikin ƙurar duk tsawon lokacin.

Misali na biyu ya fi kusa da manomi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Macizai uku ne suka fi ɓarna a Arewa: kububuwa, da kasa, da kumurci. Kububuwa ita ce ƙarama cikinsu, amma ita ta fi kisa, domin dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta tsofaffin raunuka, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Wani likita Bature, David Warrell, ya yi bincike a kanta a Zariya cikin shekarun 1970, kuma daga irin wannan aiki ne aka sami gwajin nan mai sauƙi da ake yi har yau: a ɗibi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini. Makarin dafi kuwa ga yadda ake yin sa. Ana tatsar dafin macijin, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan kaɗan, har jikin dabbar ya ƙera garkuwa. Sa'an nan a ɗibi jininta, a ware ruwan jinin, a tace garkuwar, a ɗura a kwalabe, a ajiye cikin sanyi. Kashi ɗaya na aikin na likita ne, kashi ɗaya na likitan dabbobi, sauran duka na injiniya ne da mai sarrafa masana'anta.

Nijeriya ta shiga wannan aiki da gaske. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya zama cibiyar jinyar saran maciji, kuma Farfesa Abdulrazaƙ Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda duniya ta sani a fannin. An sami makari mai suna EchiTAb wanda aka yi shi musamman domin macizan ƙasar nan, aka gwada shi a Kaltungo, ya yi aiki. Amma a dubi hanyar da ya biyo. An kama macizan a Nijeriya, an kai su Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila inda aka tatsi dafin, an yi makarin iri ɗaya da tumaki a Birtaniya, an yi ɗayan da dawaki a Kostarika, sa'an nan aka sayo shi da kuɗin ƙetare aka dawo da shi. Maciji na nan, majinyaci na nan, masanin cutar na nan, dawaki kuwa duk wanda ya ga hawan salla a Kano ya san ba su yi ƙaranci ba. Masana'antar ce kaɗai babu. Hatsarin wannan dogaro ya fito fili lokacin da kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin makarinsa na Afirka a 2014, domin ba ya kawo riba. Manomin da aka sara a gona ba shi da ta cewa a wannan shawara.

A gwada wannan da labarin wani mutumin Indiya, Cyrus Poonawalla. Gidansu masu kiwon dawakin sukuwa ne a garin Pune, kuma sukan ba wata cibiyar gwamnati tsofaffin dawakinsu domin a yi magani da jininsu. Sai ya ga babu dalilin da zai hana shi yin aikin da kansa. A 1966 ya kafa kamfanin Serum, ya ɗauki masana aiki, ya fara da makarin ciwon sandarewar jiki da ake kamuwa da shi ta rauni. Shi ba likita ba ne, farke ne wanda ya san darajar likita. Wannan kamfani ya zama mafi yawan yin allurar rigakafi a duniya, kuma shi ya yi rigakafin sanƙarau na MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura, wanda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya iso Nijeriya a 2011. Alhali kuwa Nijeriya tana da nata ɗakin yin rigakafi a Yaba ta Legas, wanda ya yi na agana da na shawara shekaru da dama, aka rufe shi a 1991 da niyyar gyara.

Kada a ɗauka cewa da an sami ɗan kasuwa shi ke nan. Labarin Niprisan ya nuna akasin haka. Wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, yana da haɗin da yake ba masu amosanin jini, watau sikila. Cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta yi yarjejeniya da shi, ta auna haɗin, ta gwada shi a kan majinyata, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Uku daga cikin kayan haɗin guda huɗu duk matar aure a ƙasar Hausa ta san su: masoro, da kanumfari, da karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin yin maganin, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan. Cikin 'yan shekaru kaɗan kamfanin ya karye saboda bashi, magani ya ɓace daga kasuwa, iyayen da suka ga sauƙi a jikin 'ya'yansu suka bi kantuna ba su samu ba. Sai a 2018 aka sake ba kamfanin May & Baker na Nijeriya lasisi. Ilmin bai gaza ba, kuma ganyen bai ƙare a daji ba. Abin da ya gaza shi ne lissafin jari, da zaɓen abokin ciniki, da sa ido a kan yarjejeniya, kuma waɗannan duka a kan teburin ma'aikacin gwamnati suke wucewa. Saboda haka wannan magana ta shafi masu riƙe da fayil kamar yadda ta shafi ɗalibai.

Akwai kuma wanda ya shigo ta ƙofar ƙira. Farfesa Hippolite Amadi injiniya ne tun farko, daga baya ya karkata ga kayan asibiti. Ya bi asibitocin ƙasar nan yana tattara kwalaben renon bakwaini waɗanda suka lalace aka jibge a lungu, yana sake musu kayan ciki da abin da ake iya samu a gyara a nan. A asibitin tarayya na Nguru ya lura jarirai suna yin zazzaɓi da yamma lokacin bazara, ya gano zafin ginin ne ke dafa su, ba ƙwayar cuta ba, maganin kuwa a gyara ɗakin. A 2023 aka ba shi kyautar kimiyya ta Nijeriya, dala 100,000, saboda na'urorin taimakon numfashin jarirai.

Ta wajen noma, abin ya riga ya iso gonakin Kano. Akwai wata tsutsa, Maruka, wadda ke cin furen wake da kwanson sa, idan ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Manomi yakan yi feshi sau shida ko fiye a damina ɗaya, galibi ba takunkumi ba safar hannu, kuma abin da ya shaƙa a gona asibiti yake kai shi daga baya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku, tare da masana daga Ostireliya da wata gidauniyar fasahar noma ta Afirka, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T. An ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka dasa a waken, sai tsiron da kansa ya riƙa yin sinadarin da ke kashe tsutsar, feshi ya ragu zuwa sau biyu. Hukuma ta amince da shi a 2019, ya isa hannun manoma a 2021 ta hannun kamfanonin iri na cikin gida. Akwai masu adawa da irin wannan iri, kuma bai kamata a yi musu kallon jahilai ba, domin tambayar da suke yi, wa zai mallaki irin da talaka ke shukawa, tambaya ce ta gaskiya. Amsarta kuwa ba ta samuwa sai ƙasa tana da nata masana da za su iya buɗe irin su duba, da nata 'yan kasuwa da za su riƙe cinikinsa.

To, ina yaron Jama'a ko na Kabo ya dosa? Karatun likita shekara shida ne, ga shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ga ta bautar ƙasa. Na injiniya shekara biyar. Wanda ya ce zai yi duka biyun daga tushe zai tsufa a aji, kuma ba abin da ake nema ke nan ba. Abin da misalan nan suka nuna shi ne mutum ya ƙware a fanni ɗaya, sa'an nan ya koyi harshen sauran biyun gwargwadon yadda zai iya zama da masu su a yi magana. Wasu jami'o'i, kamar ta Legas da ta Ilori, suna ba da digiri a kan ƙirar kayan asibiti kai tsaye. A 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a kafa babbar kwalejin fasaha a Kabo. Ba lalle ne kowa ya yi burin babbar masana'anta ba. Firjin ajiye rigakafi mai aiki da hasken rana, da injin iskar numfashi, da na'urar awon jini, duk suna mutuwa a ƙananan asibitoci saboda ƙaramin abu, kuma saurayin da ya iya tayar da su, ya yi rajistar ɗan kamfaninsa, ya ɗauki kwangilar kula da na ƙaramar hukuma guda, ya riga ya shiga sana'ar. Zuciyar kasuwanci ba baƙuwa ba ce a yankin. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo a 1980, lokacin da mutane da yawa ke ganin jirgi sai gwamnati, kuma Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa jami'a a Maraɗi a 2013. Abin da ba a gani ba tukuna shi ne attajirin da zai sa dukiyarsa a abin da sai bayan shekara goma zai fara biya, domin magani ba ya juyawa da sauri kamar atamfa ko shinkafa.

Saura haɗari guda, wanda shi ya fi duka girma. Idan likita ya zama ɗan kasuwa, majinyaci yakan zama haja. Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau wadda fiye da mutum 100,000 suka kamu da ita a Nijeriya, fiye da 11,000 suka mutu, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, da yara kimanin 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗin bai dawo da amana ba. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata a 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an rabu da nau'inta na daji a Afirka.

A gindin wannan rigima akwai maganar harshe. Dokar bincike ta ce ba a gwada magani a kan mutum sai da yardarsa bayan ya fahimta. To, da wace Hausa za a fahimtar da uwar da ɗanta ke kwance wuyansa ya sanƙare? Kalmar gwaji kanta tana da fuska biyu: gwajin jini, wanda ake yi domin a san ciwon mutum, da gwajin magani, wanda ake yi domin a san maganin. Idan malamin asibiti ya ce za a yi wa yaro gwaji, uwar ta farkon take ji, alhali takardar da aka miƙa mata ta dangwala yatsa ta biyun take nufi. Haka kalmar iri, wadda take nufin abin shuka, take nufin launi, take kuma nufin zuriya, har wanda ya ji an ce an sauya wa wake iri yana iya zaton zuriyarsa za a taɓa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba abin da ke cikin kwalba, hukumar kula da lafiyar sarrafa halittu ta 2015 tana duba abin da ke cikin ƙwayar iri. Takardar neman yarda kuwa, da bayanin da ke jikin kwalin magani, da abin da malamin gona zai faɗa a dandalin Jama'a ranar rabon iri, suna bukatar wanda ya karanci Hausa ya kuma zauna da likitoci har ya gane abin da suke nufi, ya rubuta, a karanta wa tsofaffin mata biyar a ƙauye, a tambaye su abin da suka ji, in sun faɗi wani abu dabam a koma a sake rubutawa.